Radiyeshon da muke kwana muke tashi a cikinsa

Ka samu na'urar Gaiga, wadda ake auna radiyeshon da ita, ka kunna ta ka ajiye a kan tebur a ɗakin da babu komai sai kujeru. Ba za ta yi shiru ba. Za ka riƙa jin ƙyas, can kuma ƙyas-ƙyas, sau goma zuwa talatin a minti ɗaya in bututunta ƙarami ne, kuma ba a jere ba. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka na'urar ta lalace, ko kuma wani abu ya gurɓata gidan. Lafiyarta ƙalau. Abin da take ƙirgawa yana fitowa ne daga bango, daga ƙasa, daga sama, har ma daga jikin wanda ya kunna ta.

Asalin abin yana cikin ƙwayar zarra. Cibiyar wasu ƙwayoyin ba ta da kwanciyar hankali, don haka wata rana sai ta tofar da wani ɓangare nata ta rikiɗe ta koma wani sinadari daban. Henri Becquerel ne ya fara lura da haka a Faransa a 1896, da gishirin yuraniyom ya baƙanta masa farantin ɗaukar hoto alhali yana naɗe cikin baƙar takarda. A 1898 Marie da Pierre Curie suka gano foloniyom da radiyom. Abin da cibiyar ke tofarwa, wato radiyeshon, iri uku ne mafi yawa: alfa, bita da gama. Alfa nauyi gare ta, ba ta wuce 'yan santimita a iska, takarda ɗaya ko mataccen saman fata ya isa ya tare ta. Bita na tafiyar mitoci a iska, amma alminiyom mai kaurin 'yan milimita na tsayar da ita. Gama kuwa haske ne mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, sai dalma ko kankare mai kauri ke rage shi. Kada raunin alfa ya ruɗe ka. A waje ba ta da kataɓus, amma in ta shiga huhu babu fatar da za ta tare ta, duk ƙarfinta kan 'yan ƙwayoyin halitta ƙalilan yake sauka. Shi ya sa masu lissafin illa ke ninka ta sau 20 a kan gama.

Babu mai iya cewa ga lokacin da ƙwaya ɗaya za ta rikiɗe, amma in suna da yawa an san tsawon lokacin da rabinsu zai ƙare. Wannan shi ne wa'adin rabi. Na yuraniyom-238 (lambar na nuna nauyin cibiyarsa) shekara biliyan 4.5 ne, na toriyom-232 biliyan 14, na fotasiyom-40 biliyan 1.25. Shi ya sa har yau suna nan tun halittar ƙasa, ba su gama ƙarewa ba.

Ma'auni biyu ne ke rikita mutane. Bekerel na faɗin yawan ƙwayoyin da ke rikiɗa: bekerel ɗaya, ƙwaya ɗaya a daƙiƙa. Ƙaramin ma'auni ne ƙwarai, don haka adadinsa kan zo da sifili-sifili masu ban tsoro ko da abin bai taka kara ya karya ba. Sibat kuma na faɗin abin da jiki ya sha da irin illar da ake tsammani. Sibat ɗaya babba ne: wanda ya sha shi a lokaci guda zai kwanta ciwo, 4 zuwa 5 kuma na kashe kusan rabin waɗanda suka sha in babu magani. Don haka a rayuwar yau da kullum da milisibat ake magana, kashi ɗaya cikin 1,000 na sibat, ko maikirosibat, kashi ɗaya cikin miliyan.

Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNSCEAR, ya ƙiyasta a rahotonsa na 2008 cewa matsakaicin mutum a duniya na shan milisibat 2.4 a shekara daga abubuwan da ba ɗan Adam ya haɗa ba. A ciki, 1.26 daga iskar da yake shaƙa ne, 0.48 daga ƙasa da gine-gine, 0.39 daga sararin sama, 0.29 daga ci da sha. Asibiti na ƙara kusan 0.6. Ragowar gwajin bama-bamai 0.005 ne, harkar tashoshin nukiliya gaba ɗayanta kuwa 0.0002. A sake duba waɗannan alƙaluma a tsanake. Abin da aka fi tsoro shi ne a ƙarshen layi, wanda ke gaba kuma da yawa ba su taɓa jin sunansa ba.

Sunansa radon. Yuraniyom da ke cikin duwatsu da ƙasa yana rikiɗa mataki-mataki, har sau 14, kafin ya tsaya a dalma. Duk 'ya'yan da ke kan hanyar daskararru ne, suna zaune inda aka haife su, ban da guda ɗaya. Radiyom-226 in ya rikiɗe, iska yake haifarwa, wato radon-222, mara launi, mara wari, mai wa'adin rabi na kwana 3.8. Wannan 'yan kwanaki sun ishe shi ya sulale ta ƙofofin ƙasa ya fito. A fili iska na watsa shi, ba ya wuce bekerel 5 zuwa 15 a mita kubik. A cikin ɗaki ne yake taruwa.

Ba shigowa kawai yake yi ba, gidan ne ke zuƙo shi. Iska mai ɗumi a cikin gini tana tashi sama ta fice, sai matsin iska a ƙasan ginin ya ɗan gaza na cikin ƙasa, kamar mai zuƙa a hankali da tsinke. Fankar da ke fitar da iska daga kicin ko banɗaki na ƙara wannan zuƙa. Hanyoyin shigar su ne tsagar daɓe, mahaɗar daɓe da bango, gefen bututun ruwa da na wayar lantarki, ramukan da ke cikin bulo. Saboda haka gida biyu na iya zama katanga ɗaya, wannan ya nuna 40, wancan ya nuna 600. Taswirar yanki na nuna inda haɗarin ya fi yawa, musamman ƙasa mai dutsen giranit, amma ba ta gaya maka abin da ke ɗakinka. Duniya ta farka da wannan ne a 1984, lokacin da wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerick da ke jihar Fensilbaniya a Amurka ya riƙa tayar da ƙararrawar bincike alhali tashar ba ta ma fara aiki ba. Da aka bi sawu sai aka tarar daga gida yake zuwa da abin. Iskar gidansa ta kai wajen bekerel 100,000 a mita kubik.

Shi radon kansa ana shaƙarsa a fitar da mafi yawansa. 'Ya'yansa ne matsalar: foloniyom-218 da foloniyom-214, ƙananan ƙwayoyi daskararru da ke manne wa ƙura da hayaƙi, su liƙe a bangon hanyoyin huhu su harba alfa a wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon ne ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma kowane ƙarin bekerel 100 a mita kubik da aka zauna cikinsa shekara da shekaru na ƙara haɗarin da kusan kashi 16 cikin 100. Inda lissafin ya fi ɗaukar hankali shi ne haɗuwarsa da taba. Cikin mutum 1,000 da ba su taɓa sha ba, kusan 4 ne za su kamu kafin shekara 75 in babu radon, 5 a bekerel 100, 7 a bekerel 400. Cikin mashaya 1,000 kuwa, 100 ne, 120, da 160. Mashayin da ke zaune a gida mai radon, barin tabar ya fi kowane gyaran gini rage masa haɗari, kodayake gyaran ma ba a bar shi ba.

Hukumar ta ba da shawarar a ɗauki bekerel 100 a mita kubik a matsayin iyaka, in kuma bai yiwu ba kada a wuce 300. Amurka na aiki da kusan 148.

Awon ba shi da wuya, amma ana yawan ɓata shi. Mafi inganci shi ne ɗan gwangwanin roba mai ɗauke da wani falle na filastik da ake kira CR-39. Duk alfa da ta bugi fallen tana barin tabo, a ɗakin gwaji sai a jiƙa shi a sinadari tabon ya buɗe, a ƙirga da madubin ƙara girma. Ana ajiye biyu, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a falo, a hawa mafi ƙasa da ake zama a cikinsa. A ɗora shi aƙalla rabin mita daga daɓe, kusan mita ɗaya daga taga ko ƙofa, kada a jingina shi da bangon waje, kada a sa shi a kicin ko banɗaki, ko inda rana ke dukansa, ko cikin durowa. A rubuta ranar buɗewa da ranar rufewa, domin in babu su sakamakon ba shi da ma'ana. Sannan a bar shi wata uku aƙalla, ana rayuwa yadda aka saba. Dalilin tsawon lokacin shi ne radon ba ya zama wuri ɗaya: yakan hau da dare in an rufe tagogi, ya sauka da rana, ya hau a lokacin sanyi, ya canja da iska da ruwan sama. Akwai gwajin gaggawa na gawayi, kwana 2 zuwa 7, wanda ake rufe tagogi awa 12 kafin a fara har a gama. Yana da rauni biyu. Gawayi na shan laima, laimar ta cike gurbin da radon zai zauna, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya. Kuma in an yi jinkirin mayar da shi ɗakin gwaji, kowane kwana 3.8 rabin abin da ya kama ya tafi.

In awo ya fito sama, abin da kowa ke fara yi shi ne toshe tsaga. Yana taimakawa, amma shi kaɗai ba kasafai yake isa ba, domin zuƙar na nan, iskar za ta nemi wata kafa da ido bai gani ba. Maganin da ya fi ci shi ne a juya zuƙar. A huda daɓe, a kwashe ƙasa a ƙarƙashinsa kamar cikin bokiti guda don a samu ɗan rami, a dasa bututu mai faɗin kusan santimita 10, a liƙe gefensa sosai, a ja shi har ya wuce rufin gida, a sa masa fanka da ke aiki dare da rana. Yanzu ƙarƙashin daɓen ya fi ɗakin ƙarancin matsi, sai iskar ƙasa ta bi bututu maimakon tsaga. In an yi shi daidai yakan rage radon da fiye da kashi 90 cikin 100. Kurakuran da ke kashe aikin sanannu ne. Sa fankar a cikin ɗakin zama, ta yadda in mahaɗa ta saki za ta riƙa hura radon cikin gida. Barin bakin bututu kusa da taga. Shimfiɗa bututu a kwance ba gangare, ruwan raɓa ya taru ya toshe shi. Kashe fanka da dare don tsimin wuta, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Ana maƙala wa bututun ɗan gilashi mai siffar U da ruwa mai launi a ciki: in ruwan ɓangarorin biyu ya daidaita, fanka ta mutu. Bayan gyara a sake awo, sannan duk bayan shekara biyu. Mai sabon gini ya fi kowa sauƙi, tsakuwa a ƙarƙashin daɓe, leda mai kauri a kanta da bututu tun farko sun fi fasa daɓe daga baya arha nesa ba kusa ba. Ruwan rijiya mai zurfi ma na iya ɗauko radon ya sake shi wajen wanka, sai dai ana ƙiyasta bekerel 10,000 a mita kubik na ruwa ne ke ƙara ɗaya a iskar gida.

Sauran na halitta ba abin da za a yi musu, sani kawai ake yi. Jikin mutum mai kilo 70 na ɗauke da fotasiyom kusan giram 140, kuma ɗan kaɗan daga ciki, kashi 0.012 cikin 100, fotasiyom-40 ne. Wannan kaɗai bekerel 4,000 da ɗoriya ne, ga kabon-14 da ya kusa haka. Ana yawan misali da ayaba, mai kusan bekerel 15, amma misalin na da gyara: ƙoda na zubar da rarar fotasiyom, don haka cin ayaba goma ba ya tara komai. Daga sama kuma, Victor Hess ya hau balan-balan a 1912 har sama da mita 5,000 ya ga awo na ƙaruwa maimakon raguwa, aka gane cewa akwai abin da ke zuwa daga wajen duniya. A bakin teku, kusan ƙwayar miyuwon ɗaya, wato ɓarɓashin da wannan radiyeshon na sama ke haifarwa a iska, ce ke ratsa kowane murabba'in santimita a minti. A tsayin da jirgin fasinja ke tafiya, kilomita 10 zuwa 12, ana shan 'yan maikirosibat a awa, shi ya sa matuƙa da ma'aikatan jirgi kan tara milisibat 2 zuwa 3 a shekara, abin da ya fi na yawancin ma'aikatan tashar nukiliya. Akwai kuma wuraren da ƙasarsu ta yi fice: gaɓar Kerala a Indiya da Guarapari a Brazil saboda yashi mai toriyom, Yangjiang a Sin, da Ramsar a Iran inda maɓuɓɓugan ruwan zafi suka fito da radiyom har wasu gidaje suka kai milisibat 260 a shekara.

A ɓangaren da ɗan Adam ya haɗa, asibiti ne kusan duka. Hoton eksire na haƙori kusan milisibat 0.005 ne, na ƙirji 0.02 zuwa 0.1, na nono 0.4. Hoton CT, eksiren da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, shi ne ke da nauyi: na kai kusan 2, na ƙirji 7, na ciki 8 zuwa 10, wato na halitta na shekara uku zuwa huɗu a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi ne ya kai matsakaicin Ba'amurke milisibat 6.2 a shekara a 2006, kusan rabi daga asibiti. Wannan ba dalilin gudun hoto ba ne. Wanda ya faɗi ya bugu a kai, jinin da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa zai kashe shi yau, haɗarin hoton kuwa ɗan ƙalilan ne kuma na shekaru masu zuwa. Asarar ita ce hoton da aka maimaita don na farko ya ɓace, ko aka yi wa yaro da saitin babba. Riƙe tsofaffin hotuna, faɗa wa likita in akwai ciki, da tambayar ko hoton sauti ko MRI zai wadatar, tunda su ba su da irin wannan radiyeshon, ya isa. Injin eksire kuma in an kashe shi shi ke nan, ba ya barin komai a jiki ko a ɗaki. Allurar tekniyom-99m da ake yi don wasu hotunan ita ce ke zama a jiki na ɗan lokaci, wa'adin rabinta awa 6.

Daga 1945 zuwa 1980 an tayar da bama-baman nukiliya sama da 500 a sararin sama, a wurare irin su Nebada, Bikini, Semipalatinsk, Novaya Zemlya da Reggane. Abin ya kai ƙololuwa a 1963, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar hana gwaji a sama da cikin ruwa, lokacin matsakaicin mutum na shan milisibat 0.11 a shekara daga ƙurar. Siziyom-137 da sitirontiyom-90, masu wa'adin rabi na kusan shekara 30, sun riga sun ragu fiye da kashi uku cikin huɗu. Haɗarin tashoshin nukiliya na Chernobyl a 1986 da Fukushima a 2011 bala'i ne ga waɗanda ke kusa, musamman yaran da suka sha madara mai ayodin-131 bayan Chernobyl, amma in an raba wa duniya ba sa motsa jimlar. Ƙananan abubuwa ma na nan: na'urar gano hayaƙi mai amerisiyom-241 kusan bekerel 37,000 da ke rufe cikin ƙarfe, takin fosfet, tokar kwal, sandar walda mai jan kai da ke da toriyom kashi 2 cikin 100, wadda haɗarinta ƙurar da ke tashi in ana wasa bakinta ce, ba riƙe ta ba.

Abin da ke kashe mutane da gaske shi ne tushen radiyeshon da ya ɓace. A 1987 a Goiânia ta Brazil, masu tsintar ƙarafa sun kwance kan wani injin ƙona cutar kansa a asibitin da aka yi watsi da shi. A ciki akwai garin siziyom da bai kai giram 100 ba, yana walƙiya shuɗi a duhu. Aka rarraba shi ga 'yan uwa da maƙwabta don sha'awa. Mutum 4 suka mutu, 249 suka gurɓata, aka bincika kusan 112,000. Ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, mai tambarin fuka-fukai uku, ba a buɗe shi, ba a sa shi a aljihu. A ja da baya a kira hukuma. Ninka nisa sau biyu na mayar da abin da ake sha kashi ɗaya cikin huɗu, ninka shi sau goma na mayar da shi ɗaya cikin 100.

Mu koma kan na'urar da ke kan tebur. A yawancin wurare za ta nuna maikirosibat 0.05 zuwa 0.2 a awa. A ninka da awa 8,760 na shekara: 0.1 ya zama kusan milisibat 0.9, wanda ya yi daidai da na ƙasa da na sama a haɗe. Iyakar milisibat 1 a shekara da aka sa wa jama'a, da 20 na ma'aikata, ƙari ne a kan wannan, ba a lissafa na halitta da na asibiti a ciki, don haka kada a kwatanta su kai tsaye. Kuskure mafi yawa shi ne gaskata awon minti ɗaya. Tangal-tangal ɗin ƙirge yakan kai tushen murabba'in adadin: in matsakaici 20 ne a minti, ganin 15 ko 25 ba labari ba ne. A ƙirga minti 10 a samu 200, kuskuren ya koma 14, kashi 7 cikin 100. Minti 100, kashi 2. Kafin a ce dutse ko tayil na da wani abu, a auna ɗakin babu shi, a auna da shi, tsawon lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Adadin maikirosibat da ƙananan na'urori ke nunawa ma an daidaita shi ne da gamar siziyom-137, don haka in bita ce ke shiga bututun, ko gama mai rauni, adadin na iya zarce gaskiya. Wasu masu arha kuma in radiyeshon ya yi tsanani sai su shaƙe su nuna kaɗan. Sannan mafi yawansu ba sa ganin alfa sam, wato babban kason nan na 1.26 yana wuce su, ɗaki na iya cika da radon allon na nuna lafiya lau.

Lokaci guda ne radon ke nuna kansa a irin wannan na'ura ba tare da wahala ba. In aka fara ruwan sama bayan kwanaki babu shi, awon waje yakan tashi, wani lokaci da rabin abin da aka saba ko fiye. Ruwan ne ya wanko 'ya'yan radon daga iska ya zube su a ƙasa, dalma-214 mai wa'adin rabi na minti 27 da bismut-214 mai minti 20. Awa biyu zuwa uku bayan ruwan ya ɗauke, adadin ya koma inda yake.